Zane Mai Tudu a Kan Ƙarfe, Fata da Takarda: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne zane mai tudu, kuma me ya raba shi da sauran hanyoyin ado?

Zane mai tudu shi ne adon da ake fitarwa ta hanyar tura jikin abu, walau fallen ƙarfe ne ko fata ko takarda, har wani sashe nasa ya taso sama da sauran, yadda ido zai ga zanen, yatsa kuma ya ji shi idan ya shafa. Abin da ya raba shi da sauran sana'o'in ado shi ne ba a rage komai daga jikin abin, ba a kuma ƙara masa komai. Mai sassaƙar ƙwarya kankare bayanta yake yi ya zubar. Maginin da ke yi wa bangon soro ado a Zariya ko Kano ƙasa yake ɗorawa a kan ƙasa. Mai zubi kuwa narkar da ƙarfe yake yi ya kwarara shi cikin mazubi. Amma mai wannan aiki, idan aka auna masa falle aka ba shi, da nauyinsa zai dawo da shi, siffa kawai ta sauya.

Daga nan ne sauran dokokin sana'ar suka samo asali. Tun da ba a ƙara komai ba, duk inda aka ga tudu a gaba, to akwai rami daidai da shi a baya, kuma duk inda tudun ya fi tsawo, a nan ƙarfen ya fi sirancewa, domin miƙewa ya yi kafin ya kai wurin.

Ta baya ake bugun ƙarfen ko ta gaba?

Ta duka biyun, kuma kowane ɓangare da aikinsa. Bugun baya shi ke tayar da tudu: ana kifa fallen, a riƙa tura shi da ƙarfe mai kai mulmulalle har siffar ta kumbura ta ɗaya gefen. Sai dai abin da ke fitowa a wannan mataki dunƙulalle ne, ba shi da baki, ba shi da iyaka bayyananniya. Bugun gaba shi ke gyara shi: a juyo da fallen, a bi gefen kowane tudu a danne, a kwantar da filin da ke tsakanin zane da zane, a fitar da jijiyar ganye da sauran ƙananan layuka. Aiki mai zurfi yakan sha juyi sau da yawa tsakanin baya da gaba kafin a gama shi. Akwai kuma kayan da ta gaba kaɗai ake bugun su, kamar yawancin manyan farantan shayi, inda ba a neman tudu mai tsawo, sai dai layi da ɗigo da inuwa.

Waɗanne ƙarafa ne suka dace da wannan aiki?

Waɗanda ke miƙewa ba tare da sun tsage ba. Zinariya ce kan gaba, domin babu ƙarfen da ya kai ta karɓar bugu, sai azurfa, sai jan ƙarfe. Azurfar da aka fi yin kayan ado da ita takan kasance kashi 92.5 cikin ɗari, sauran kuma jan ƙarfe ne da aka sa don ta ɗan yi ƙarfi. Tagulla, wato jan ƙarfen da aka gauraya da tutiya, ta fi su taurin kai, tana saurin ƙagewa a ƙarƙashin guduma, amma launinta mai kama da zinariya da arahar da take da ita sun sa ta mamaye kasuwa. Alminiyam ma yana yi, kuma da shi ake yawancin kayan araha a yau. Baƙin ƙarfe ana iya yi masa, har maƙeran sulke na Milan a ƙarni na 16 sun yi suna da shi, sai dai wahalarsa ta ninka ta sauran.

Kaurin fallen ma abin lura ne. Aikin hannu yawanci yana tsakanin rabin milimita da milimita ɗaya. Idan ya yi ƙasa da haka yakan huje kafin tudu ya tashi, idan ya wuce haka kuma sai maƙeri ya ƙare ƙarfinsa a banza.

Da zafi ake bugun sa? In ba haka ba, me ya sa ake yawan mayar da shi wuta?

Karin maganar nan da ke cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe ta maƙeran baƙi ce. A wannan aiki da sanyinsa ake bugun ƙarfe, wuta kuwa wani amfani ne da ita dabam. Jan ƙarfe da azurfa da tagulla suna ƙara tauri duk lokacin da aka buge su, saboda tsarin ƙwayoyin da ke cikinsu yana cushewa har ya kasa motsi. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye ya ga wannan da idonsa. Maƙeri yana gane lokacin ya yi idan ƙarfen ya fara mayar masa da bugu, sautinsa kuma ya yi tsini. Idan ya yi gardama ya ci gaba, tsagewa ce za ta biyo baya, kuma tsaga a tsakiyar zane ba ta ɓoyuwa ko da an like ta.

Maganin shi ne a gasa fallen har ya yi ja mai duhu, wato wajen digiri 600 zuwa 700 a ma'aunin Selshiyos ga jan ƙarfe, wanda bai kusa da digiri 1,085 da yake narkewa ba. Wannan zafi yana sake shirya ƙwayoyin, ƙarfen ya koma da laushi. Jan ƙarfe ko an tsoma shi a ruwa ko an bar shi ya huce da kansa, laushin ɗaya ne, saɓanin ƙarfen wuƙa da tsomawa ke ƙara masa tauri. Tagulla kuwa gara a bari jan ya ɓace kafin ta taɓa ruwa. Alminiyam ya fi su haɗari, domin ba ya yin ja kafin ya narke a digiri 660. Dabarar da aka sani ita ce a goga masa sabulu, idan sabulun ya yi baƙi a janye shi daga wuta. Bayan kowace gasawa sai an wanke baƙin da wuta ta bari da ruwa mai tsami, in ba haka ba bugu na gaba zai tura dattin cikin jikin ƙarfen.

A kan me ake ɗora fallen lokacin bugu?

Wannan ita ce tambayar da masu kallo ba su cika yi ba, alhali rabin sirrin sana'ar yana nan. Idan aka ɗora falle a kan uwar maƙera aka buga, ƙarfen ba shi da inda zai shiga, sai dai ya baje ya sirance. Idan aka ɗora shi a kan abu mai laushi ƙwarai, gaba ɗayansa zai lotsa. Abin da ake nema shi ne shimfiɗar da za ta ba da hanya daidai inda aka buga, ta kuma riƙe sauran wurin kam.

Abin da aka fi amfani da shi tun zamanin da shi ne haɗin ƙaron itace ko kwalta da garin bulo ko farar ƙasa, da ɗan kitse ko mai. Garin yana ba shi jiki, kitsen yana hana shi tsagewa, kuma maƙeri yakan ƙara kitse a lokacin sanyi ya rage a lokacin zafi. Ana zuba haɗin a cikin kwano mai nauyi mai zagayayyen gindi, a ɗora kwanon a kan gammon fata, yadda za a iya karkata shi ta kowace fuska. Ana ɗumama saman haɗin a manna fallen, a tabbatar babu iska a ƙarƙashinsa. Da ɗuminsa ake tayar da manyan tudu, da sanyinsa kuma ake aikin ƙananan layuka. Wasu kan yi amfani da jakar fata cike da rairayi, ko kututturen itace mai rami, ko dunƙulen dalma. Dalma tana da illa guda babba ban da gubarta: idan ɗan ɓurɓushinta ya maƙale a jikin azurfa ko zinariya aka kai wuta, sai ya ci ƙarfen ya bar rami.

Waɗanne kayan aiki ake bukata?

Ba su da yawa: 'yar guduma mara nauyi mai faɗin fuska da siririyar ƙota, da tarin ƙananan sandunan ƙarfe masu tsawon yatsa ko fiye kaɗan, da awartaki, da zugazugi ko wata hanyar wuta, da magagari. Faɗin fuskar gudumar yana da dalili, domin idon maƙeri yana kan bakin sandar da ke tafiya a kan zane, ba ya duban inda gudumar take sauka. Sandunan kuwa kowace da bakinta: mai jan layi, mai kai mulmulalle don tayar da tudu, mai shafaffen baki don daidaita fili, da mai ƙananan haƙora don sa wa filin baya duhu yadda zanen zai fito. Babu mai kaifi a cikinsu, kuma dole bakin kowace ya sha gogewa, domin duk ƙarzunar da ke bakin sanda sai ta bayyana a jikin aiki sau ɗari. Ƙwararrun maƙera su suke ƙera nasu, shi ya sa masana kan iya gane aikin gida ɗaya daga sawun sandunansa.

Yaya ake fitar da tudu a jikin buta ko tulun da hannu ba ya shiga cikinsa?

Akwai dabara ta musamman. Ana samun doguwar sandar ƙarfe mai lanƙwasa a kai biyu, a ɗaure kai ɗaya a matsi, a zura ɗayan cikin butar har ya taɓa wurin da ake so ya taso. Sai a bugi sandar kusa da inda aka ɗaure ta, girgizar ta bi ta har ƙarshe, kan da ke ciki ya riƙa dukan bangon butar daga ciki. Maƙeri ba ya ganin kan sandar, kumburin da ke fitowa a waje kaɗai yake bi. Idan tudun ya kai, sai a cika butar da haɗin ƙaro, a bari ya daskare, a gama aikin ta waje.

Tun yaushe ɗan Adam yake wannan sana'a?

Tun kafin a iya sarrafa baƙin ƙarfe, domin zinariya ana samun ta tsantsa a ƙasa, kuma dutse da ƙashi sun isa a buga ta. Abin rufe fuskar gawar Fir'auna Tutankamun, wanda ya mutu wajen shekara ta 1323 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da fallayen zinariya bugaggu aka yi shi, nauyinsa ya ɗan haura kilo 10, sannan aka jera masa duwatsu da gilashi. An gano kabarin a 1922. A ƙasar Girka, Heinrich Schliemann ya tono wani abin rufe fuska na zinariya a Maisini a 1876, wanda ya girmi na Masar da kusan ƙarni biyu, kuma daga falle guda aka fitar da ido da hanci da gemu. A Denmak an tsinci wata babbar tasar azurfa a cikin fadama a Gundestrup a 1891, faɗinta santimita 69, shekarunta kimanin 2,000, jikinta cike da siffofin mutane da dabbobi da aka tura ta baya. A Mapungubwe ta Afirka ta Kudu kuma, a shekarun 1930, an tono ɗan mutum-mutumin karkanda na ƙarni na 13, wanda aka yi da siririn fallen zinariya da aka lulluɓa a kan sassaƙen itace aka kafe da ƙananan ƙusoshin zinariya.

Dalilin da ya sa al'ummomin da ba su san juna ba suka faɗa kan dabara ɗaya ba ɓoyayye ba ne: ƙarfe mai daraja tsada gare shi, kuma wannan ita ce hanyar da ɗan kaɗan zai rufe wuri mai faɗi ya yi kama da mai yawa.

Shin ana iya yin babban abu da wannan hanya?

Ana iyawa. Mutum-mutumin 'Yanci da ke bakin ruwan New York, wanda Faransa ta ba Amurka aka kuma buɗe shi ranar 28 ga Oktoba, 1886, ba zubi ba ne. Tsawonsa mita 46, amma kaurin jan ƙarfen da ke jikinsa bai wuce milimita 2.4 ba. A wata maƙera a Paris aka sassaƙa manyan mazubai na katako bisa siffar da Frédéric Auguste Bartholdi ya tsara, ma'aikata suka riƙa buga fallaye a cikinsu sashe-sashe, sannan aka rataya su a kan ƙashin ƙarfen da Gustave Eiffel ya zana. Da a ce zubi aka yi, da nauyinsa ya hana a ɗauko shi a jirgin ruwa cikin sauƙi. Koren launin da aka san shi da shi ma ba fenti ba ne, tsatsar jan ƙarfe ce da iska da ruwa suka haifar cikin shekarun da suka biyo baya.

Ina aka san wannan aiki a Afirka ta Yamma?

Sunan da ya fi fitowa a Najeriya shi ne Bida, babban birnin Nufawa a jihar Neja, inda gidajen maƙeran tagulla, musamman na unguwar Tswata Mukun, suka gaji bugun tasoshi da farantai da butoci da kwanukan goro, suna cika jikinsu da zanen ganye da igiya da ɗigo. Sana'ar ta bunƙasa a ƙarƙashin fadar Etsu, wato sarkin Nufawa, a ƙarni na 19, kuma tana cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen sana'ar hannu a 2021. Kayan Bida sun daɗe suna shiga kasuwannin ƙasar Hausa. A Kano da sauran biranen Hausa kuwa, maƙeran fari, waɗanda aikinsu azurfa da tagulla ne ba garma da gatari ba, suna haɗa bugu da zubi da zane wajen yin munduwa da adon kube da kayan doki. Azurfarsu a da takan fito daga narkakkun kuɗin azurfa na Mariya Tereza, sarauniyar Austriya, masu ɗauke da shekarar 1780, jan ƙarfe kuma yana cikin kayan fataucin Sahara tun da daɗewa. Ibn Baɗɗuɗa ya ba da labarin haƙarsa a Takedda, cikin ƙasar Nijar ta yau, a 1353.

A Kalaba, daga ƙarshen ƙarni na 19, matan Efik sun yi suna wajen yi wa farantan tagullar da aka shigo da su daga Ingila ado da bugu. A Gana, Akan suna da wani ƙaramin mazubi da suke kira forowa, na fallen tagulla mai zane, wanda ake ajiye man kaɗanya a ciki. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne kada a haɗa waɗannan da sanannun kawunan Ife da allunan Benin, domin su zubi ne da aka yi ta hanyar narkar da kaki, sana'a ce dabam da maƙera dabam.

Me ya sa kayan ƙasashen Musulmi suka fi yawa a tagulla da jan ƙarfe, zanensu kuma ganye da rubutu?

Hadisi ingantacce ya hana ci da sha a cikin kwanukan zinariya da azurfa, kuma malamai da yawa sun ƙi siffanta abu mai rai, musamman siffar da ke da jiki da inuwa. Masana tarihin fasaha suna ganin waɗannan biyu na cikin abin da ya karkatar da gwanintar maƙera zuwa tagulla da jan ƙarfe, da kuma zanen lissafi da reshe da rubutun Larabci, ko da yake an sami kayan fada masu siffofin mahaya da dabbobi a Mosul da wasu wurare a ƙarni na 13. Har yau ana jin ƙarar wannan bugu a Khan al-Khalili ta Alƙahira, da dandalin Saffarin na Fas, da kasuwar Isfahan. A 2023 UNESCO ta amince da sana'ar zane a kan zinariya da azurfa da jan ƙarfe a matsayin gadon al'ada na wasu ƙasashen Larabawa goma, ciki har da Sudan da Muritaniya da Masar da Maroko.

Yaya abin yake a fata?

Fata ba ta bukatar wuta, ruwa take bukata. Ana jiƙa ta kaɗan, a bari ta sha har launinta ya fara komawa daidai amma tana da sanyi a hannu, sannan a danna ƙarfe mai zane a kanta ko a buga shi. Idan ta bushe, sawun ya zauna. Idan ana son tudu mai tsawo, sai a tura ta baya da abu mai santsi, a cike ramin da ɓarɓashin fata da manne don kada ya koma. Amma ba kowace fata ce ke karɓar wannan ba. Wadda aka jeme da tsiro, irin jimar bagaruwa da majeman ƙasar Hausa suka gada, ita ke riƙe zane. Wadda aka jeme da sinadarin kurom a masana'anta, hanyar da ta yaɗu daga ƙarshen ƙarni na 19, tana da tsalle, sai da inji mai zafi da matsi mai ƙarfi take yarda. Da irin wannan inji ne ake buga wa fatar saniya zanen fatar kada a sayar da ita da tsada.

Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka riƙa danganta ta ga Maroko, tana cikin waɗanda masu ɗaurin littafi suka fi so saboda ƙarfinta da kyan fuskarta. Ɗaurin littafi kuwa shi ne inda wannan fasaha ta kai ƙololuwa a fata. Masu yi wa Alƙur'ani bango a Masar zamanin Mamluk suna danna ƙananan ƙarafa masu ɗumi ɗaya bayan ɗaya har su cika bango da taurarin lissafi, wani lokaci da ganyen zinariya, kuma daga wurin Musulmi ne dabarar zinariyar ta shiga Italiya a ƙarni na 15. A Kurɗuba ta Andalus an yi suna da fatun ado masu tudu da ake lulluɓe bango da su. Dukawanmu ma suna amfani da ƙananan ƙarafan bugu a kan gafaka da kube da titimi, tare da rini da ɗinki da ɓare fuskar fata.

A takarda fa?

A takarda ana amfani da ƙarfe biyu, ɗaya mai tudu ɗaya mai rami daidai da shi, a matse takardar a tsakaninsu. Shi ne hatimin da ake gani a takardar shaidar kammala karatu da takardun kotu da na kamfani, kuma amfaninsa shi ne injin kwafi ba ya iya ɗaukar tudu. Ingila ta taɓa buga kan sarki masu tudu daga 1847 zuwa 1854, amma da yake ɗaya-ɗaya ake buga su, aka ga ba za su wadatar ba aka daina.

Mafi amfanin dukkan zane mai tudu, a ganina, shi ne rubutun makafi. Louis Braille, Bafaranshen da ya makance yana ƙarami, ya tsara shi a 1824 yana ɗan shekara 15, ya wallafa shi a 1829. Ɗigo shida ne a gida ɗaya, suna ba da alamomi 63. Mai rubutawa da hannu yana danna tsinke ne ta bayan takarda daga dama zuwa hagu, domin idan aka juyo ta a karanta daga hagu zuwa dama, wato ainihin ƙa'idar da maƙerin tagulla yake bi idan zai fitar da rubutu.

Yaya mai saye zai bambance aikin hannu da na inji?

Ya juya kayan ya dubi bayansa. Aikin hannu yana da sawun sanda a cikin kowane rami, zurfinsu ba ɗaya ba, kuma idan aka gwada fure biyu da ya kamata su yi kama, za a ga ɗan saɓani. Na inji bayansa sumul yake, kowane fure tagwayen ɗan'uwansa ne, har kuskuren da ke jikin ɗaya yana jikin dukkansu. Na zubi kuwa bayansa a cike yake ko kuma bai bi siffar gaba ba, ya fi nauyi, kuma sau da yawa akwai ƙananan ramukan iska ko layin haɗin mazubi. Maganaɗisu ma yana taimakawa: ba ya kama tagulla ko jan ƙarfe ko azurfa, don haka idan ya manne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka.

Ba laifi ba ne abu ya zama na inji. Lambar mota da haruffan da ke jikin wasu katunan banki duk inji ne ya tayar da su, kuma zoben da ke zagaye da gwangwani an yi shi ne don ya ƙarfafa siririn falle, wanda shi ma amfani ne na tudu da ba a cika ambata ba. Laifin yana wurin ɗan kasuwar da zai sayar da bugun inji da sunan aikin hannu, domin ya cuci mai saye, ya kuma karya farashin maƙerin da ya yi makonni a kan faranti ɗaya. Kuɗin ƙarfe, a ƙara da cewa, ba ya cikin wannan babi sosai: matse shi ake yi tsakanin hatimi biyu har kaurinsa ya sauya, shi ya sa kowace fuska take da zanenta ba tare da rami a baya ba.

Ana iya cin abinci a cikin irin waɗannan kwanuka? Yaya kuma ake kula da su?

Busasshen abu kamar goro da dabino ba shi da matsala. Amma abu mai tsami, kamar kunun tsamiya da zoɓo da nono da miyar tumatir, bai kamata ya daɗe a cikin jan ƙarfe ko tagulla ba, domin tsamin yana narkar da ƙarfen ya haifar da koren abu mai cutarwa. Shi ya sa ake shafe cikin tukwanen jan ƙarfe da kuza, kuma idan shafen ya goge sai an sake. Tagullar da aka yi da tarkacen ƙarafa tana iya ƙunsar dalma, don haka tsohon kayan da ba a san asalinsa ba gara a bar shi a matsayin ado.

Wajen wankewa, tsamiya ko lemon tsami da ɗan gishiri suna fitar da hasken tagulla, muddin za a ɗauraye sosai a shanya nan take. Rairayi da soson ƙarfe kuwa ɓarna ce, domin kan tudu suke fara ci, kuma nan ne ƙarfen ya fi siranta. Tsofaffin farantai da yawa gogewa ce ta huda su, ba amfani ba. Duhun da ke kwance a cikin ramuka shi ke fitar da zane, bai kamata a bi shi a kankare ba. Azurfa tana baƙi ne saboda farar wutar da ke cikin iska da ƙwai da albasa, kuma naɗe ta a busasshen ƙyalle yana rage hakan.

Wanda yake son koyo, daga ina zai fara, kuma me zai kiyaye?

Zai iya farawa ba tare da ya sayi komai ba. Ya yanke gwangwanin lemo ya baje shi, ya ɗora a kan jaridu da aka ninka, ya zana da biron da tawadarsa ta ƙare, ya juya ya danne gefen zanen ta gaba. Wannan zai koya masa tunanin baya da gaba, wanda shi ne abin da ya fi rikita sabon shiga, musamman a rubutu. Daga nan sai ya koma jan ƙarfe mai kaurin milimita 0.5 zuwa 0.8, ya gyara manyan ƙusoshi da magagari su zama sandunan bugu. Jan miƙaƙƙen layi da da'ira shi ne darasin farko, kuma ya fi yadda ake zato wuya. Inda akwai maƙeran fari a kusa, zama a gabansu ya fi kowane bayani a rubuce, domin nauyin bugu da sautin ƙarfen da ya gaji kunne da hannu ne ke koyon su.

Haɗarin sana'ar yana wuri uku. Bakin falle yana yanka, sai a goge shi da magagari tun farko. Haɗin ƙaro mai zafi yana manne wa fata ya ci gaba da ƙuna, kuma idan za a narkar da shi daga cikin buta, daga baki ake fara ɗumamawa, domin idan aka fara daga gindi, wanda ya narke a ciki ba shi da mafita, butar tana iya fashewa. Na uku shi ne ruwan wanki: wanda zai yi amfani da ruwan batir, shi ake zubawa a hankali cikin ruwa mai yawa, ba a zuba ruwa a kansa, a kuma yi a fili inda iska ke kaɗawa, da kariya a ido da hannu. Ga mai koyo a gida, jiƙaƙƙiyar tsamiya mai ɗumi tana yin aikin, sai dai ta fi ɗaukar lokaci.